Fararen Hanyoyin Tuskani: Burjin Da Ya Gagari Kwalta

Daga Wakilinmu

A galibin ƙasashen duniya, ranar da aka zuba wa hanyar ƙauye kwalta ranar murna ce, a tara jama'a, a yi jawabai, a gode wa hukuma. Amma a lardin Siyena da ke yankin Tuskani, a tsakiyar ƙasar Italiya, akwai waɗansu hanyoyin burji waɗanda mutanen wurin da kansu suka tashi tsaye don kada a rufe su da kwalta. Italiyawa suna kiransu Strade Bianche, watau fararen hanyoyi, saboda farar tsakuwar da aka daɓe su da ita da farar ƙurar da ke tashi a kansu da rani. Hanyoyi ne masu wuyar bi, sun ratsa tuddai da kwaruruka, hawa na bin gangara, gangara na bin hawa. Wannan wahala tasu kuwa ita ce ta jawo musu suna, har ya zama dubban mahaya keke daga ƙasashe dabam-dabam suna biyan kuɗin jirgi kowace shekara don su je su gwada ƙarfinsu a kansu.

Yadda hanyar da a da ake jin kunyarta ta koma abin tinƙaho labari ne da ya shafi noma, da ƙaurar mutanen karkara, da aikin gyaran hanya, da kuma wasan tseren keke, wanda Italiyawa suka ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai.

Ƙasar Da Hanyoyin Suka Ratsa

Birnin Siyena yana zaune ne a kan tudu, kimanin mita 320 bisa doron teku. A arewa da shi akwai tuddan Chianti masu dazuzzuka da gonakin inabi da na zaitun. A kudu maso gabas kuwa akwai ƙasar da ake kira Crete Senesi, ƙasa ce ta yumɓu mai launin toka, ba ta da itatuwa da yawa, ruwan sama ya zaizaye ta ya bar kwazazzabai. Gaba da nan akwai garin Montalcino a kan tudu mai tsayin fiye da mita 550, da kuma kwarin Orcia, wanda hukumar UNESCO ta sa a cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2004.

Babu wani dogon dutse mai ban tsoro a wannan yanki. Wanda ya dubi taswira zai ce ai ƙasar ba ta da wani hawa na a zo a gani, tun da tuddan ba su kai rabin manyan duwatsun arewacin Italiya ba. To, amma a nan gizo ke saƙa. Manyan hanyoyin kan duwatsu injiniyoyi ne suka zana su, suka yi musu lauje-lauje don hawan ya yi sauƙi ga mota. Su kuwa hanyoyin karkarar Siyena sawun ƙafa da na jakai da na keken shanu ne suka fitar da su tun ƙarnoni da suka wuce, daga gona zuwa gona, daga majami'a zuwa kasuwa. Idan sun tarar da tudu sai su hau shi kai tsaye, idan sun tarar da rafi sai su gangara masa kai tsaye. Shi ya sa mahayin keke ba ya samun wurin hutawa, ko dai yana fama da hawa ko kuma yana fama da birki.

Daɗewar waɗannan hanyoyi tana da shaida a cikin birnin kansa. A babban zauren majalisar Siyena akwai wani zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi tsakanin 1338 da 1339, wanda ke nuna amfanin kyakkyawan mulki da illar mugun mulki. A ɓangaren kyakkyawan mulki an zana hanya ta fito daga ƙofar gari ta ratsa tuddai, manoma suna tahowa da jakai ɗauke da kaya, matafiya suna wucewa ba tare da fargaba ba. Watau tun kusan shekara ɗari bakwai da suka wuce mahukuntan garin sun ɗauki lafiyar hanyar karkara a matsayin ma'aunin adalcin hukuma.

Dalilin Da Kwalta Ta Tsallake Su

Har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin, noman Tuskani ya dogara ne a kan wani tsari da ake kira mezzadria. Mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su ba da ƙarfinsu, in an yi girbi a raba amfanin biyu. Kowane iyali yana zaune a tsakiyar gonarsa, nesa da maƙwabta, kuma hanyar burji ce ke haɗa gidan da sauran duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka bunƙasa a Italiya, samari suka ga aikin albashi ya fi rabon amfanin gona, sai suka yi ta ƙaura zuwa birane a shekarun 1950 da 1960. A 1964 aka yi dokar da ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar mezzadria, a wannan shekarar kuma aka kammala babbar hanyar mota da ta haɗa Milan da Naples. Kuɗin gwamnati ya bi inda jama'a da motoci suke. Gidajen gona da yawa suka zama kufai, hanyoyinsu kuwa aka bar su yadda suke, tun da babu isassun masu jefa ƙuri'a a bakinsu da za su matsa wa kowa lamba.

Ashe rashin kula ne ya fara ceton fararen hanyoyin. Amma daga baya al'amura suka juya. Baƙi daga Ingila da Jamus da sauran wurare suka fara sayen tsofaffin gidajen gona, a 1985 kuma Italiya ta yi dokar da ta tsara yadda manomi zai riƙa saukar da masu yawon buɗe ido a gonarsa. Motoci suka ƙaru, ƙura ta dami mazauna bakin hanya, ƙananan hukumomi suka shiga zuba kwalta ɗai-ɗai da ɗai-ɗai. Da an ci gaba a haka, da cikin 'yan shekaru burjin ya zama labari.

Mahaya Casa'in Da Biyu

A cikin wannan hali ne wani ɗan garin Gaiole da ke Chianti, Giancarlo Brocci, wanda ya yi karatun likita amma zuciyarsa na ga keke da rubuce-rubuce, ya shirya wani hawan keke a watan Oktoba na 1997. Ya sa masa suna L'Eroica, watau hawan jarumai. Mutum 92 ne suka fito a ranar farko. Manufarsa biyu ce: a tuna da 'yan tseren da, irin su Gino Bartali da Fausto Coppi, waɗanda suka yi suna a zamanin da yawancin hanyoyin ƙasar burji ne, kana a nuna wa hukumomi cewa waɗannan hanyoyi suna da daraja da ta isa a kiyaye su.

Sunan Bartali yana da nauyi a Tuskani domin ɗan yankin ne, an haife shi kusa da birnin Fulorans. Ya ci babbar gasar Faransa sau biyu, a 1938 da 1948, ya kuma ci ta Italiya sau uku. A lokacin yaƙi ya riƙa ɓoye takardun shaida a cikin bututun kekensa yana kai wa Yahudawan da ake farauta, yana fakewa da cewa motsa jiki yake yi. Irin wannan tarihi ne Brocci ya jingina taronsa da shi.

Dokokin L'Eroica suna da tsanani ta fuskar kayan aiki. Dole keken ya kasance ƙirar 1987 ko kafin nan, ko kuwa sabo da aka ƙera bisa wancan tsohon fasali. Hannun canza giya yana jikin bututun da ya gangaro daga wuyan keke, wayoyin birki suna fili a bisa kan keke, feda kuma mai keji ce da maɗaurin fata. Mahaya suna sa rigunan ulu irin na da. Hular kwano ta zamani kaɗai aka yi wa rangwame saboda kare rai. Ba a ba da kambi ga wanda ya riga kowa isowa, abin da ake nema shi ne mutum ya gama, a buga masa hatimi a kowace tasha. Wani dattijo mai dogon gashin baki, Luciano Berruti, wanda ya riƙa hawan wani keke na farkon ƙarni na ashirin ɗauke da lamba ɗaya, shi ya zama fuskar taron har rasuwarsa a 2017.

Daga mutum 92, taron ya girma har ya zama fiye da mutum 7,000 ke hallara a Gaiole a farkon watan Oktoba, garin da mazaunansa ba su kai 3,000 ba. An kuma kwaikwayi tsarin a ƙasashe kamar su Japan, Amurka, Sifen da Afirka ta Kudu.

Doguwar Hanya: Kilomita 209

Akwai gajerun zagaye ga masu ƙaramin ƙarfi, daga mai kimanin kilomita 46 zuwa mai 135, amma wanda ake ji da shi shi ne dogon zagaye mai kilomita 209. Nisan bai gaza na Kano zuwa Kaduna da yawa ba, kuma kusan rabinsa burji ne. Idan aka tara dukan hawan da ke cikinsa, ya haura mita 3,700. Don mai karatu ya gane girman wannan adadi, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Watau mahayin zai hau kwatankwacin wannan dutse sau ɗaya da rabi daga bakin teku, a yini guda, bisa tsohon keke.

Masu dogon zagaye suna tashi ne tun duhun asuba da fitilu. Hawan farko na burji shi ne wanda ke kaiwa ga fadar Brolio, inda akan jera 'yan fitilun mai a gefen hanya tsakanin itatuwa. Daga nan hanya ta bi gefen Siyena, ta nufi kudu ta Radi da Murlo, sa'an nan ta tarar da hawan Castiglion del Bosco, dogon hawa mai tsakuwa wanda ke kaiwa ga tudun Montalcino. A nan ne mutane da yawa ke fara saukowa suna tura kekunansu. Bayan an zagayo ta ƙasar yumɓu aka iso garin Asciano, sai a fuskanci wurin da kowa ke tsoro, watau Monte Sante Marie.

Tsawon wannan yanki kilomita goma sha ɗaya da rabi ne, kuma a waɗansu wurare tsinin hawansa ya kai kashi 18 cikin ɗari. Ma'anar wannan lissafi ita ce, a kowace mita ɗari da aka ci gaba, ƙasa ta ɗaga da mita goma sha takwas. Abin da ya sa ya fi sauran muni shi ne ba hawa ɗaya ba ne. Mutum zai yi fama ya kai ƙoli, ya ga gangara, kafin numfashinsa ya dawo sai ga wani bangon a gabansa, haka har sau da dama, babu inuwa, ga shi kuma ƙafafu sun riga sun sha tafiyar fiye da kilomita ɗari. Wanda ya tsallake wannan ma bai huta ba, domin sauran hawan tuddan Chianti ta wajen Radda kafin a gangaro Gaiole, inda da yawa ba su isa sai bayan faɗuwar rana. A tashoshin hutu mutanen ƙauyuka suna dafa wa mahaya ribollita, wata miyar wake da ganye da busasshen burodi wadda asalinta abincin talakawan gona ne.

An kafa alamu na dindindin a duk tsawon wannan zagaye, saboda haka kowa na iya binsa a kowane lokaci na shekara, ko a yini ɗaya ko a raba shi kwana uku ko huɗu ana kwana a ƙauyuka. Wannan ne ya sa amfanin hanyar ga masu masauki da masu abinci da masu gyaran keke bai tsaya ga mako guda na Oktoba ba.

Abin Da Ke Sa Burji Wuya

Ɗalibin kimiyya zai iya auna wahalar da alƙalami. A ɗauka nauyin mutum da kekensa kilo 80 ne. Ɗaga wannan nauyi mita 3,700 yana bukatar aiki na kimanin kilokalori 700. Amma jikin ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na abincin da ya ƙona yake mayarwa aikin ƙafa, sauran yana fita ne a matsayin zafi. Saboda haka hawan kaɗai zai ci kusan kilokalori 2,800, fiye da abin da mutum mai aikin ofis ke bukata a yini guda, ba a ma sa lissafin iska da jan ƙasa ba. Wanda bai ci ya sha a kan kari ba, ƙarfinsa zai yanke farat ɗaya tun bai kai rabi ba.

Na biyu shi ne riƙon taya. A kan kwalta, idan hawa ya tsananta, mahayi yakan miƙe tsaye bisa feda ya danna da dukan nauyinsa. A kan tsakuwa kuwa da zarar ya miƙe, nauyi ya koma gaba, tayar baya ta yi sako-sako ta fara juyawa a wuri ɗaya. Dole ya zauna a kan sirdi, ya sunkuya, ya riƙa tuƙi a hankali ba tare da fizga ba. A nan bambancin giya ke bayyana. Tsohon keken tsere mai haƙora 42 a gaba da 26 a baya yana cin kusan mita uku da rabi a kowane juyin feda, alhali keken burji na zamani yana da giyar da ke cin mita biyu da 'yan kai. Mai tsohon keke yana ɗaukar kaya mai nauyi a kowane taki, mai sabo kuwa ya rarraba kayan ƙanana-ƙanana.

Na uku ita ce gangara, wadda ta fi hawa haɗari. Tsakuwa tana mirginawa a ƙarƙashin taya, kuma wanda ya matse birkin gaba a tsakiyar kwana, tayar za ta zame ya sha ƙasa. Gwanaye suna rage gudu tun kafin su shiga kwana, su saki birki, su bi sawun da tayoyin motoci suka daɓe, su guji tarin tsakuwar da ke tsakiya da gefe. Ga kuma gargada, wadda duk wanda ya saba da hanyoyin burji na karkararmu ya san ta. Tayoyin motoci ne ke haifar da ita a kan busasshiyar hanya, kuma idan keke ya hau ta da gudu hannu yakan mutu har mutum ya kasa kama birki.

Maganin da masu ƙera kekuna suka samo shi ne faɗin taya da rage iska. Keken burji na zamani yana da taya mai faɗin milimita 40 ko fiye, kusan ninki biyu na tsohuwar tayar tsere. Taya mai sassaucin iska tana lanƙwasa ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa. Yawancinsu kuma ba su da tiyub a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramin huji da kansa. Duk da haka faci bai ƙare ba, domin tsakuwa mai kaifi tana iya yanka gefen taya.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da rani ƙura takan turnuƙe har na baya ba ya ganin na gaba. In an yi ruwa kuwa, farar ƙasar sai ta koma taɓo mai kama sarƙa da birki.

Shigowar Ƙwararru

Shekara goma bayan hawan farko, a watan Oktoba na 2007, aka shirya wa ƙwararrun 'yan tsere gasarsu a kan waɗannan hanyoyi, da tallafin bankin Monte dei Paschi na Siyena, wanda asalinsa ya koma 1472. Alexandr Kolobnev na Rasha ne ya ci ta farko. Daga 2008 aka mai da ita watan Maris, daga baya kuma aka sa mata sunan hanyoyin, Strade Bianche. Fabian Cancellara na Suwizalan ya ci ta a 2008 da 2012 da 2016, saboda haka aka raɗa wa yankin Monte Sante Marie sunansa. An fara ta mata a 2015, inda Megan Guarnier ta Amurka ta yi nasara.

Gasar tana ƙarewa ne a tsakiyar Siyena. Bayan burjin ƙarshe na Le Tolfe, gajere mai tsinin kashi 18, sai a shiga gari a hau wani ƙuntataccen titi mai daɓen duwatsu, Via Santa Caterina, mai tsinin kashi 16, kana a gangara dandalin Piazza del Campo, inda ake sukuwar dawaki ta Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. A 2018, shekarar da aka yi tseren cikin ruwa da taɓo Tiesj Benoot na Beljiyam ya ci, Wout van Aert ya faɗi daga kekensa a kan wannan titi saboda ɗaurewar jijiya, ya tashi ya sake hawa ya zo na uku. Shekara biyu bayan haka, da annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa 1 ga Agusta, shi ne ya ci ta cikin zafi da ƙura.

Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci ta a 2022 bayan ya tsere wa sauran tun saura kimanin kilomita 50. A 2024, da aka tsawaita ta zuwa kilomita 215, ya ɓalle a Monte Sante Marie tun saura kilomita 81, ya tafi shi kaɗai har ƙarshe. A 2025 ya zame a wata kwanar gangara ya faɗa cikin ƙaya, ya tashi jina-jina, ya kamo Tom Pidcock na Ingila, ya wuce shi, ya yi nasararsa ta uku. Gasar da ba ta kai shekara ashirin ba a lokacin ta shiga sahun waɗanda suka haura shekara ɗari a wajen farin jini.

Abin ya bazu. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta hawan burji a yankin Veneto na Italiya, Gianni Vermeersch ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata. A Amurka akwai tseren mil 200 na tuddan Flint a jihar Kansas, wanda mutum 34 suka fara a 2006. A Kenya an fara wani a yankin Masai Mara a 2021. Haɗarin wasan kuwa ya taɓa Afirka kai tsaye, domin a watan Agusta na 2022 ɗan tseren Kenya Sule Kangangi ya rasu sakamakon faɗuwa a wata gasar burji a jihar Vermont ta Amurka.

Gardamar Da Ba Ta Ƙare Ba

Ba kowa ne ke maraba da burji ba. Manyan gasannin da ake yi mako uku sun fara sa shi a cikin zangonsu: ta Italiya ta bi hanyoyin Montalcino cikin taɓo a 2010, ranar da Cadel Evans ya ci zangon, ta sake komawa a 2021, ta kuma ƙare wani zango a Siyena a 2025. Ta Faransa ta sa nata a kewayen garin Troyes a 2024. Waɗansu shugabannin ƙungiyoyi suka yi ƙorafi cewa ba daidai ba ne wanda ya yi watanni yana shiri ya yi asarar kome saboda dutse guda ya fasa masa taya. Suna da hujja, domin a Troyes sai da Jonas Vingegaard ya ƙarasa zangon a kan keken abokin wasansa, a Siyena kuwa Primož Roglič ya faɗi, ya yi faci, ya yi asarar lokaci. Masu goyon baya suna amsawa da cewa iya sarrafa keke a kan muguwar hanya yana cikin gwaninta, kuma su Bartali a kan irinta suka yi suna.

Gardamar da ta fi wannan nauyi ita ce ta mazauna bakin hanyar. Baƙo yana zuwa ne ya sha wahalar yini ɗaya ya koma gida da labari. Manomi da direban motar makaranta da mai ɗaukar mara lafiya kuwa kullum suna kanta, da ƙurarta da ramukanta. Kiyaye burji yana nufin kashe kuɗi a kai a kai. Dole a riƙa bin hanyar da gireda, a gyara doronta don ruwa ya zube gefe, a yashe magudanai da kwalbatoci, a ƙara tsakuwa inda ta ƙare. Ruwa shi ne babban abokin gaba, kuma gwargwadon tsinin gangara gwargwadon ƙarfin da yake kwashe ƙasa da shi. Idan aka yi sakaci damina ɗaya ko biyu, hanyar da ake alfahari da ita sai ta koma kwazazzabo. Waɗansu daga cikin hanyoyin na ƙananan hukumomi ne, waɗansu kuma bisa dokar Italiya masu gonakin da ke amfani da su ne ke haɗa kuɗin gyara, hukuma ta ba da nata kaso. Saboda haka kowace shekara sai an yi lissafi: nawa baƙi suka kawo, nawa gyara ya ci, wa zai biya.

Abin da mutanen Siyena suka gane shi ne, tsakanin kwalta da watsarwa akwai hanya ta uku, watau burjin da ake kula da shi. Kwalta tana da wurinta inda motoci suka yi yawa ko inda tsinin tudu ya sa tsakuwa ba ta zama. Amma inda motoci kaɗan ne, hanyar tsakuwa mai kyakkyawan doro da magudanai tana iya yi wa manomi aiki rani da damina, ta kuma jawo masa baƙon da zai sayi abincinsa ya kwana a ɗakinsa. Hausawa sun ce kowa ya gyara ya sani. Mahaya 92 na 1997 ba su gina ko mita ɗaya ta sabuwar hanya ba, sun dai sa hukuma da jama'a sun sake duban wadda suke da ita, kuma muddin gireda na bi, ana yashe magudanai, tuddan Monte Sante Marie za su ci gaba da sauko da masu ƙarfi daga kan sirdi.